Ruwan Cikin Baƙin Jirgi

Tankin ruwan tasharmu ta jirgin ƙasa ne ya tayar mini da wannan tsohon zance. Ran nan na fito zan je barka ƙauyen gaba, na ɗaga kai inda na saba ganinsa tun ina 'yar mitsitsiya, sai na ga sarari fetal. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun yanka shi gunduwa-gunduwa kamar naman layya, sun loda a mota sun yi birni da shi. Guntayen ƙafafunsa kaɗai suka bari, awaki na susa a jikinsu. Na tsaya ina kallo har yaron da ya ɗauko ni a babur ya ce, "Hajiya, ko kin yar da wani abu ne?" Na ce masa ya ja mu tafi, abin da na yar ya girmi ubansa. Da na dawo gida kuma sai na tarar da wata jikata tana haddar karatun makaranta da ƙarfi, tana ta nanata sitim injin, sitim injin. Na ce ke, a ina kika san shi? Ta ce ai a littafi yake, inji ne da ake tafasa ruwa a cikinsa, tururin ya tura ƙarfe, ƙarfen ya juya ƙafa, kuma malaminsu ya ce an daina yayinsa tun kafin a haifi kowa. Na ce to, ashe ni ba kowa ba ce.

Mu ba a littafi muka san shi ba. Ma'aikatan reluwe ma ba sa wahalar da bakinsu da faɗin sunan duka, sitim kawai suke cewa. In jirgi ya zo hawa tudu yana nishi, su ce ba sitim. Daga bakinsu kalmar ta faɗo cikin gari, muka tsince ta muka yi ta amfani da ita yadda muka ga dama. Tsoho ya kasa ɗaga damin dawa, a ce sitim ya ƙare. Mace ta tashi da faɗa tun asuba, a ce ku ƙyale ta ta rage sitim. Ni kuwa sunan ne ya bi ni gaba ɗaya, har wasu suka manta na yanka, domin a lokacin ina budurwa sabon tashi, ba na tafiya sai da gudu, ba na magana sai da ƙari. In na ga ɓera a rumbu, kafin in isa tsakar gida ya zama ɗan akuya. In aka aike ni ɗebo wuta maƙwabta, sai in dawo da labari uku, wutar kuwa ta mutu a hanya. Har yau ban warke sarai ba, don haka mai karatu ya riƙe gishirinsa. Amma abin da zan faɗa a ƙarshe ban ƙara masa ko ƙwayar gero ba.

Ƙasarmu ba ta da daji. Tun tasowata gona ce manne da gona, shingen lalle ne kawai ke raba ta wane da ta wane, daga bakin gidanmu har inda ido ya gaji. Kowace bishiya da ubangijinta. Ɗorawar can ta gidan liman ce, rimin nan na masaƙa ne, tsamiyar bakin rijiya ma an san wanda ya gaje ta. In reshe ya karye, kafin ya taɓa ƙasa mai shi ya iso. Saboda haka itace a wurinmu dukiya ne, kara kuwa ana tattalinsa kamar hatsi, a jingine shi a kan bishiya tun kaka, a riƙa zara da kaɗan-kaɗan. Yaran yanzu da ke murɗa kan tukunyar gas wuta ta tashi shuɗiya ba za su gane yadda mace ke zama tana lallashin ɗanyen kara a tsakiyar marka ba, tana hurawa tana hawaye, hayaƙi ya cika madafa, tuwo ya ƙi nuna, maigida na gyaran murya a zaure. Yanzu gonakin ma gidajen bulo suna cinye su ɗaya bayan ɗaya. Da kuwa in ka kasa kunne da safe, lugude za ka ji daga gida zuwa gida, da kukan guga a bakin rijiya, da jakuna suna wucewa da mangalar taki daga birni, mai su na bin su da tsaki. Sai can da hantsi, daga yamma, ka ji kukan da ya danne su duka.

Jirgin nan baƙi ne wuluk, kansa kaɗai ya fi zauren dagaci. Yakan taho yana tari, yana tofar da garwashi, ya tsaya daidai ƙarƙashin tanki a zuba masa ruwa ta ƙeya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ko a tsaye yake ba ya yin shiru. Mota in an kashe ta, ta mutu. Shi kuwa yana nan yana huci, fuu, ya ɗan dakata, fuu, gefen cikinsa na zufa, ƙasa na rawa a tafin ƙafarka. Gwaggo, yayar babanmu, wadda ita ce ungozomar unguwarmu, takan ce, "Abin da ke ci, ya sha, ya yi huci, kada ki ce masa ƙarfe a gabansa." Ba ta taɓa wucewa ta gabansa ba tare da ta yi bisimilla ba. Amma duk da wannan tsoron, ita ce ta fi kowa yarda da ruwansa.

Ga yadda abin yake. Akwai wani ɗan famfo a gefen cikinsa, can ƙasa kusa da ƙafafu. Mai hura masa wuta, wanda muke kira Baba mai wuta, in ya ga dama sai ya sauko ya murɗa shi, tafasasshen ruwa ya feso da ƙara, tururi ya rufe mutane har ba ka ganin na kusa da kai. Mata su yi layi da garwa, kowace da gammo mai kaurin matashi, a tara, a aza, a ruga gida kafin ya huce. Ba a saye. Sai dai ka riƙo masa 'yar dafaffiyar masara, ko ƙwan zabi, ko gyaɗa. Fuskarsa kullum baƙa ce ƙirin da ƙurar kwal, ido da haƙori kawai ake gani, ni har na taɓa rantse wa ƙawayena cewa a cikin tukunyar jirgin aka haife shi. A garin da itace ke da tsada haka, ka ga ruwan zafi na banza ai ba a tambayar dalili. Sai dai mutanenmu ba su tsaya nan ba. Aka ce ruwan da ya ja tarago ashirin ba zai rasa ƙarfi ba, aka ce yana ɗauke da zafin ƙarfe, aka ce mai jegon da aka yi wa wanka da shi ƙashinta kan haɗe da wuri. Kafin ka ce me, ya zama ruwan masu jego. Gwaggo kuma ta kafa masa doka, wadda ban san inda ta samo ta ba, amma duk unguwa aka bi: ba a haɗa wa mai jego ruwa biyu. Wadda ta fara da ruwan murhu ta gama da shi. Wadda ta fara da ruwan jirgi, da shi za ta yi arba'in. In aka sauya mata, sanyi zai sami ƙofa ya shiga, kuma in ya shiga ba ya fita sai da mai ɗakin.

A daminar da nake ba da labari, Yaya ta dawo gida haihuwar fari. Ita kaɗai ce 'yar'uwata mace, ita ta goye ni, kuma ita kaɗai ce a gidanmu ke sauraron ƙaryata har ƙarshe, sannan ta ce, "To, yanzu faɗi yadda aka yi." Ta sauka lafiya a tsakiyar marka, namiji. Karan bara ya kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage an ware shi don hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasar da take kwanciya. Gwaggo ta dubi sararin sama, ta dubi karan, ta ce ruwan jirgi za a yi. Ni aka ɗora wa ɗaukowa, da hantsi in ya nufi gabas, da la'asar in ya dawo. Na yi murna ƙwarai, don an ba ni lasisin zuwa tasha sau biyu a yini. Nakan shigo gida da garwa a ka tana tururi kamar na ɗauko gajimare, in sauke a bayan ɗaki, Gwaggo ta tsoma ganyen runhu ta riƙa fyaɗa wa Yaya, ni ina daga waje ina jin fat, fat, da ɗan nishin da take dannewa saboda kunya. Daga nan a ɗura mata kunun kanwa, a mai da ita kan gadon da ke ƙuna kamar tanda. Ɗakin nan in ka shiga, warin kwal da tsatsa ne ke fara gaishe ka.

Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafafunta suka fara kumbura. Gwaggo ta ce ƙiba ce, ruwa ya karɓe ta. Sai hannu ya bi, har munduwar da ke wuyan hannunta ta nutse cikin nama ba ta motsi. Sai ta daina iya kwanciya, sai dai a jingina ta da bango. Sannan numfashin ya sauya. Ni na fara lura, don ni ce na fi kowa sanin wancan sautin. Wata rana na dawo daga tasha, na sauke garwa, na tsaya a ƙofar ɗakinta, sai na ji kamar ban baro tashar ba. Fuu, ta ɗan dakata, fuu. Tsawonsa ɗaya, tazararsa ɗaya. Na ce wa Inna, mahaifiyarmu, "Inna, Yaya fa numfashin jirgi take yi." Ta ɗaga muciya ta ce in na sake faɗa sai ta fasa mini baki. Amma na ga ta tsaya ta kasa kunne, kuma na ga muciyar ta sauka a hankali.

Ana cikin haka, wata safiya muka yi layi a tasha, hantsi ya yi, hantsi ya wuce, shiru. Sai can muka ji wani kuka da ba mu sani ba, mai kauri, kamar na saniyar da aka toshe wa hanci. Wani kan jirgi ne ya taho, mai fenti, ba hayaƙin kirki, ba tari, ba huci. Bai ko dubi tankinmu ba. Ya wuce da taragunsa, iskarsa ta kaɗa mana zannuwa, muka bi shi da kallo da garwa a hannu kamar waɗanda aka yi wa alkawarin biki aka fasa. Mai tutar tasha ya ce wannan mai shan man dizal ne, ba ruwansa da ruwa. Muka ce ina namu? Ya ce namu ya lalace a hanya, kuma ya ji manya na cewa ba za a gyara ba, zamaninsa ya wuce.

Da na kai labari gida Gwaggo ta zauna daɓas a kan turmi. Inna ta ce mata, "Ko a dafa mata na rijiya? Ko dangar bayan gida ce sai a cire a ƙona."

"Ki ƙona dangar, ki ƙona 'yar taki," in ji Gwaggo. "Ni dai ba da hannuna ba. Na binne wadda aka haɗa wa ruwa biyu, ba labari aka ba ni ba."

"To haka za a bar ta ba wanka?"

"A bar ta. Rashin wanka jinkiri ne, haɗa ruwa kuwa yankan hanya ne. Allah zai kawo shi."

Haka aka bar Yaya kwana da kwanaki ba a fyaɗa mata ganye ba. Gwaggo ta ce tunda ba wanka, a dakata da kunun kanwa da wutar gado ma, don tare suke tafiya, ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Gidanmu ya yi tsit. Mata na shigowa dubiya suna fita suna girgiza kai, har da masu share hawaye a zaure, kamar an riga an gama. Kowa jira yake sanyi ya shiga. Babanmu ya daina zuwa gona da nisa. Ni kaina bakina ya mutu, har wata maƙwabciya ta tambaya ko Sitim ba ta da lafiya.

Sai wani mai jaki ya zo da labari cewa ya ga baƙin jirgin da idonsa. An tura shi wani ɗan reshen dogo da ke gabas da mu, inda ake lodin gyaɗa da kaka, an bar shi nan. Gwaggo ta miƙe kamar an zare mata ƙaya. Ta ce ko ya mutu ai ruwan na cikinsa, a ɗebo a dafa a nan, ruwa ɗaya ne. Ta miƙo mini garwa da kanta. "Ke mai ƙafar barewa, yau ga ranarki. In kika tsaya surutu a hanya, Allah ya isa tsakanina da ke."

Na kama hanya rana na tsaka, bayan an kwana ana ruwa. Dogo na bi, don shi ne ba ya ɓata. Dawa ta yi tsayi ta wuce kan mutum, ta tsaya dama da hagu kamar bango, ba ka ganin komai sai ƙarfe biyu suna ƙyalli suna tafiya su haɗe a can gaba. A ƙasarmu da ba ka yin taku goma ba ka ji sallamar wani ba, ran nan ban gamu da ko mai yankan ciyawa ba. Ba iska. Ganyen dawa ko motsi. Sai ƙarar garwata da ke bugun cinyata, da tsakuwa a ƙarƙashin ƙafa. Na gwada yin waƙa, muryata ta dawo mini wata iri, na yi shiru.

Na same shi a inda aka ce. Ban taɓa sanin haka yake da girma ba sai da na gan shi ba hayaƙi. Yana tsaye cikin ciyawa, kurciya na zaune a bakin bututunsa, zanzaro har ya fara ginin ɗakinsa a jikin ƙafa. Tsatsa ta fara fito masa ja-ja a gefen ciki, inda da yake zufa. Na matsa na ɗora tafin hannuna a jikinsa, abin da ban taɓa yi ba. Sanyi ƙalau, a tsakiyar wannan rana. Na janye hannun da sauri, na goge a zane.

"Sitim, ke ce?"

Saura kaɗan in jefar da garwar. Wani dattijo ne zaune a inuwar jirgin, fes da shi, da farar riga, da furfura a gemu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba mai wuta nake nema. Ya yi dariya, sai na gane haƙoran. Shekara da shekaru ina karɓar ruwa a hannunsa, ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ran nan. Ya ce an bar shi gadi ne kafin a zo a ja shi. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, wannan karon ba ƙari.

"Ruwan na nan," ya ce. "Amma 'yata, ruwan da ya kwana a cikin mataccen abu za ku yi wa mai rai wanka da shi?"

"Gwaggo ce ta ce, Baba."

"To, Gwaggo ta fi ni sanin mata." Ya tashi yana dafa gwiwa. Da muka isa wurin famfon sai ya tsaya, ya rage murya kamar kada wani ya ji. "Yakan yi ajiyar zuciya, kin sani. In rana ta yi zafi haka. Ƙarfe ne ke miƙewa. Haka nake gaya wa kaina."

Ya murɗa famfon. Da fari ba abin da ya fito. Sai na ji iska tana shiga ciki, ba fita ba, doguwa, da ɗan gurnani a ƙarshenta, irin na wanda ke jan numfashi da ƙyar yana jingine da bango. Na san wannan jan. Na baro shi a ɗakinmu. Na dubi Baba mai wuta, shi kuma ya ƙi dubana. Sannan ruwan ya zubo, ba ƙara, ba tururi, ja kamar ruwan da aka wanke nama. Ya aza mini, ya ce in gaida mai jiki. Ko masarar da na riƙo masa na manta ban ba shi ba.

Dawowar ta fi tafiyar tsawo. Ruwan na kaɗawa a cikin garwa, cak, cak, cak, daidai da takuna. Na tsaya in gyara gammo, ya ci gaba da kaɗawa shi kaɗai fiye da yadda ya kamata. Ƙasan garwar kuma na ji yana ɗumi a tsakiyar kaina. Na ce rana ce. Na yi ta faɗa wa kaina rana ce har na hango rimin masaƙa.

Ta bayan gida na biyo don ya fi kusa, hanyar da ke wucewa ta gindin 'yar tagar ɗakin Yaya. Ban yi magana ba, ban yi tari ba. Sai na ji muryarta daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Kin samo shi."

"Na samo, Yaya. Wa ya gaya miki?"

"Tun kina wajen rijiya na ji warinsa. Matso." Na matsa. Ta zuro hannu ta tagar ta kama gefen zanena, sai na ga munduwar nan ta zame ta gangaro har kan yatsunta. "Kada ki bari ya taɓa ni."

"Gwaggo ta ce in ba shi ba sanyi zai kashe ki."

"Gwaggo ba ta kwana a ƙirjina. Duk ranar da aka yi mini wanka da shi, ji nake an ɗaura mini taragu ina ja, ina ja, ba tasha. Tun da ya daina zuwa nake numfashi da nawa ƙirjin. Saurara ki ji." Na saurara. Numfashi ne na mutum, gajere, mai rauni, amma ba wancan ba. "Ni ba zan iya buɗe baki in musa wa Gwaggo ba, kin sani. Ke ce ba ki da kunya."

"Yaya, in na zubar kika mutu fa?"

Sai ta ce, "To, in kin kai na mutu fa?" Ta saki zanen.

Daga tagar nan zuwa ƙofar gida ba nisa, amma a nan na tsufa. Gwaggo ta karɓi haihuwar rabin garinmu, har da ni, har da Yaya, ba a taɓa jin ta yi kuskure ba. Ni kuwa ko uwata ba ta yarda da ni in na ce an yi ruwa sai ta leƙa. Na shiga na tarar har an aza babbar tukunya, Gwaggo na tura karan ƙarshe a murhu, ganyen runhu na ajiye a ƙwarya. Ta ce, "Alhamdu lillahi, yau kin yi abin kai. Kawo nan." Na tako har tsakiyar gida. Sai na ƙwalla ihun da ban taɓa yin irinsa ba.

"Kububuwa! Gwaggo, ga ta nan a ƙafarki!"

Tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, sai ga ta a kan turmi. Inna ta yi madafa, kaji suka watse, ni kuma na yi tsalle baya na saki garwar. Ta faɗi ta kife, jan ruwan nan ya malale a tsakar gida.

Ba wanda ya nemi macijin. Duk ƙasa muke kallo. Ruwan da na ɗebo da sanyinsa, ina ji ina gani, ya taɓa ƙasa ya yi cuu, tururi ya tashi daga gare shi fari, ya kai tsayin mutum. Ya tsaya cak a tsakar gidanmu, ba iskar da za ta kaɗa shi, warin kwal ya cika ko'ina. Ya ɗan karkata wajen ƙofar Yaya. Inna ta fara salati da ƙarfi. Sannan ya sirance, ya sirance, ya ɓace. Daga cikin ɗaki muka ji Yaya ta sauke numfashi guda, dogo, har ƙarshensa, jaririn kuma ya fashe da kuka.

Gwaggo ta sauko daga turmi. Ba ta dake ni ba, da ma ta daka ya fi mini sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Kin kashe 'yar'uwarki don wasa." Ta ce gobe da sassafe babanmu da kansa zai je ya ɗebo wani. Amma washegari, tun kafin ya kama hanya, sai ga mai fentin nan ya wuce ta tasharmu yana jan baƙin a bayansa kamar akuyar da za a kai kasuwa, ƙafafunsa na juyawa, bakinsa shiru. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba.

Sai jira. Ban taɓa yin jira irin wannan ba, kullum da safe sai na leƙa na ga ƙirjinta na motsi kafin in iya haɗiye koko. Sanyin da aka ce zai shiga bai shiga ba. Kumburin ya ci gaba da saɓewa, ta fara kwanciya a kan haƙarƙarinta, ta fara cin tuwo, ranar arba'in ta fito da ƙafarta ta zauna a rana. Gwaggo ta ce sauran ƙarfin ruwan farko ne ya riƙe ta, kuma ba ta amsa gaisuwata ba sai bayan an yanke dawa. Wata jikata mai aikin jinya, da na ba ta labarin, ta ce ciwon zuciya ne da kan kama masu jego, zafi da kanwa ke ƙara shi, dakatawar da aka yi ce ta cece ta. Tururin kuma, wai ƙasa ce ta ɗau rana. Ban musa mata ba, ta fi ni karatu. Ita dai ba ta tsaya a gindin famfon nan ba.

Yaya ta haifi wasu bayan wannan, ta aurar, ta ga jikoki, ta yi furfura har gira. Amma ba ta sake yarda ruwa mai tururi ya taɓa jikinta ba, ko a jego, ko a tsakiyar sanyi. In an kawo mata sai ta ce a ajiye, ta juya masa baya har ya huce. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban taɓa ba da labarin a gabanta ba, ni da ba na iya riƙe zance.

Da ta rasu, ni aka ce in yi mata wanka. Yaran gidan suka shigo da ruwa a bokiti, sun ɗumama shi yadda aka saba, yana ɗan hayaƙi. Matar da za ta taya ni ta naɗe hannun riga ta ce mu fara, maza na jira a waje. Na ce su jira. Na janye bokitin daga kusa da Yaya, na zauna a tsakaninsu, muka yi shiru mu uku har tururin ya ɗauke.